Takardar Yardar Goggo Ungozoma

Litinin, 6 ga watan ɗaya

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya tarin ƙaramin, ya sake shi? Mu nan da sauƙi. Babanku gwiwar ce dai, in zai tashi sai ya dafa bango yana yi wa bangon faɗa. Ni kuma ido ne, in na daɗe a kan takarda sai baƙaƙen su fara rawa. Wadda ba ta da lafiya sosai ita ce Goggo Ungozoma. Ƙafafunta sun kumbura, takalmi ba ya shiga, ɗanta Tela ya yanke mata wani tsohon silifas ta sama don ta samu na zuwa bayan gida.

Direba ya kawo wasiƙarki ranar Asabar. Na karanta da kaina sau uku, ban kai wa kowa ba. Da na zo wurin da kika ce an ba ki tallafin binciken, sai na ajiye takardar na je na wanke fuskata, na dawo na sake karantawa ko idona ne. Alhamdu lillahi. Sau huɗu kina nema ana hana ki. Kina tsammani ban sani ba, amma duk lokacin da aka hana ki sai ki zo gida ba sanarwa, ki kama share ɗakin da na riga na share, ki ce wai hutu kika samu a jami'a.

Na je na gaya wa Goggo. Na yi mata bayani yadda kika yi min, cewa masu ba da tallafin za su biya a zauna da tsofaffin ungozomomi, a ɗauki abin da suka sani na alamun haɗari ga mai ciki, a koya wa na baya. Ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce, “Wannan 'yar da na jawo ta ƙafa, ta fito tana harara ta, ita ce yau za ta zo ta yi min jarrabawa?” Da ta huta kuma ta ce, “Ki ce mata ta ɗaga ƙafa. Ni ba kayan ajiya ba ce.”

Shi ne abin da ya hana ni sakewa. Lokacin da kika fara nema, tsofaffin da kika rubuta sunayensu su goma sha tara ne. Na ƙirga jiya da yatsuna, saura goma sha biyu. Kuma ban gane wannan bayarwar ba, Uwata. An ba ki, amma kin ce ba za a fara ba sai wani kwamiti ya zauna ya duba takardar yarda da tsofaffin za su sa wa hannu, sai ofishin kuɗi ya buɗe asusu, sai shugaban sashenku ya dawo daga tafiya. Su waɗannan mutanen sun san shekarun Goggo kuwa?

Na ji kin ce kada kowa ya fara tambayarta komai sai takardar ta fito. Na ji. Ina dai faɗa miki ne cewa hannuna ya faɗa yanzu, ina cika shafi ban tsaya ba. Kin ga ma na sa kwanan wata a sama. Malamar ajinmu na manya ba ta duba aikin da ba shi da kwanan wata, mayar miki da littafinki take yi ko da kin yi jika da ita.

Ki riƙa cin abinci. A hoton da kika aiko wuyanki ya yi tsawo. Ki amsa ta hannun Direba, waya tana yi min kuwwa a kunne, kuma da na ji muryarki sai abin da na shirya faɗa ya gudu.

Ki gaida maigidanki, ki shafa min kan yaran.

Taki,
Inna

Talata, 15 ga watan huɗu

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya yara? Babanku yana nan yadda kika san shi. Idona da sauƙi, mai kemis ya ba ni na ɗigawa. Rasuwar Goggo kin riga kin ji ta bakin Babanku a waya. Ranar Asabar ne da hantsi, tana jingine da filo, jikarta na taje mata kai. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Ban iya karɓar wayar ba a ranar, ki yi haƙuri.

Ga littattafai uku nan na ba Direba, na naɗe su a leda biyu saboda ruwa. Na san kin yi min faɗa a kansu wancan watan, kuma kina da gaskiya, kin ce kada a fara na fara. Amma wata uku ina kallon ƙafafun nan suna hawa, kumburin ya wuce gwiwa, ku kuma kullum kwamiti bai zauna ba. Ranar da na fara ma ban tafi da niyya ba. Ita ce ta ga biro a jakata ta ce, “Ke 'yar makaranta, wannan abin na ado ne ko yana aiki? Zauna.”

Kullum bayan na sallami Babanku nake zuwa. Ɗakinta kin san shi, gado ɗaya, akwatin ƙarfe, da tagar nan mai kallon shagon Tela, keken ɗinkinsa na ƙara muna yi. Ina zama a kan akwatin, littafi a cinya. Tana magana da sauri, ni ina rarrafe a baya. In na ce ta dakata sai ta ce, “Da haka kike karɓar haihuwa da yaron ya yi gemu kafin ki yanke cibi.” Wata rana ta sa na karanta mata abin da na rubuta, ta ce na sa mata magana a baki, ita ba ta ce “wataƙila” ba, in goge. Za ki ga wurin, na soke shi da layi biyu.

Akwai abubuwa a ciki, Uwata. Yadda take duban fuskar mai ciki da zoben hannunta ta san kumburin da ba na lafiya ba. Yadda take ƙirga tsummokaran da suka jiƙe, in sun kai kaza ba ta ƙara jiran miji ko uwar miji, mota take nema. Ta lissafa min mata tara da suka rasu a hannunta cikin shekara hamsin, kowace da abin da ta gani da abin da ta ce da ta sani da ta yi. A kan ta shida ta lumshe ido har na ɗauka barci ne. Sai ta ce, “Rubuta cewa ni na yi jinkiri. Kada ki gyara.” Ban gyara ba. Haihuwarki ma tana ciki, a littafi na biyu. Ban san na kusa tafiya a ranar ba sai da na rubuta da hannuna.

Kin ce min a waya in Goggo ta sa hannu a takardar yarda, cewa ta amince a yi aiki da abin da ta faɗa, littattafan za su shiga cikin binciken, in kuwa babu, ba su da bambanci da takardar ƙunshe gishiri. Takardar ta iso ranar Juma'a. Ta dangwala. Na sa hannu a wurin shaida. Tana cikin littafi na farko, a tsakiya.

Sauran tsofaffin goma sha ɗaya suna nan, sai dai ta bayan makarantar firamare an ce ta fara rikicewa, tana kiran jikokinta da sunan matattu. Ki fara da ita in kin zo.

Na gaji yau. Ki gaida mutanen gidan.

Taki,
Inna

Alhamis, 17 ga watan bakwai

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta yaran. Mu nan jiki lafiya. Wannan wasiƙar na liƙe ta da kaina, na ce wa Direba hannunki kaɗai. Ki karanta kina zaune.

Shekaranjiya matar nan ta zo, wadda masu ba da tallafin suka turo ta duba aiki, mai tabarau da jakar goyo. Kin ce in ta zo in raka ta gidajen tsofaffin da kika zauna da su, in kuma ba ta ruwa. Na yi. Mace ce mai ladabi, har ƙasa ta durƙusa ta gaida Babanku. A kowane gida tana fito da takardar yarda ta tambayi tsohuwar, an karanta miki wannan, kin yarda, wannan hannunki ne? Duk suka ce e. Ɗaya ma ta ce a ƙara mata wata ta dangwala, abin ya yi mata daɗi.

Da muka zo gidan Goggo na ce mata ai mai ɗakin ta rasu, mu wuce. Ta ce to bari ta yi wa iyalin gaisuwa. Tela ya tsayar da keke ya ba mu benci. Ta yi masa ta'aziyya, ta tambayi yaushe ne. Ya ce Asabar, sha biyu ga watan huɗu, ba zai manta ba don ranar ya yi alkawarin kayan wani ango. Na ga ta duba takardar, ta sake dubawa, ta cire tabarau ta goge. Sannan ta juya takardar ta nuna masa wurin dangwalen. Tela ya kalla ya ce, “Wannan na wa? Tsohuwata ba ta taɓa dangwala wa takarda yatsa ba. Da alƙalami take rubuta sunanta da ajami, ko a asibiti haka take yi, tana cewa yatsa na masu laifi ne.”

Shekara arba'in ina maƙwabtaka da ita ban san ta iya ba. Na ɗauka irina ce kafin in shiga aji.

Uwata, na yi miki ƙarya. Takardar ba Juma'a ta iso ba. Motar Direba ta lalace a hanya, ya kwana uku wurin bakanike, sai Litinin ya kawo min, kwana biyu da binne ta. Na zauna a bakin gado da takardar a hannu ɗaya, littattafan a ɗaya. Na tuna maganarki ta takardar ƙunshe gishiri. Na tuna yadda ta ce in rubuta, da bakinta, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na ce a raina ai ta yarda, yardar ce ba ta samu takarda ba. Sai na tsiyaya tawadar biro a murfin kwalba, na shafa a babban yatsana na danna. Na sa hannu a wurin shaida. Da na ga ɗan akwatin da aka ce kwanan wata, hannuna ya rubuta sha huɗu ga watan huɗu, don ranar ke nan. Wallahi ban ma yi tunani ba. Da na iya ƙarya sosai da na sa sha ɗaya.

Ke kuma ba ki duba ba, don daga hannuna ta fito.

Matar ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni, “Mama, ke ce shaida a nan?” Na ce ni ce. Ta ce, “Kin ga lokacin da aka dangwala?” Na buɗe baki, Tela yana kallona, almakashi a hannunsa. Na ce kaina yana ciwo. Abin da na ce ke nan, ni da furfurata. Ta mayar da takardar cikin jaka, ta ce ba komai, za su yi magana da mai binciken. Har ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo mata ba.

Na san zuwa yanzu sun kira ki. Na buga wayarki jiya sau biyar ta hannun Babanku, tana shiga ba a ɗauka. Ban ce ki ɗauka ba. Ina so dai ki san daga ina abin ya fito, kada ki tsaya kina zargin Direba ko ɗalibanki. Babanku bai sani ba sai jiya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Yarinyar nan shekara biyar tana nema,” ya juya fuska bango.

Ki gaya min abin da zan yi. Ki yafe min in kin iya, in ba ki iya ba tukuna, ki dai gaya min abin da zan yi.

Mahaifiyarki

Juma'a, 1 ga watan takwas

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, ko da yake na san ba kya cin abinci, maigidanki ya faɗa. Yaran fa? Babanku gwiwa ta ƙaru, yanzu da sanda yake zuwa ƙofar gida. Tsohuwar bayan makarantar firamare ta rasu ranar Lahadi. Allah Ya so kin riga kin zauna da ita. Saura goma.

Mako biyu ban ga amsarki ba. Kullum in Direba ya shigo layinmu ina tsaye a ƙofa, har ya fara kawar da kai tun daga nesa. Jiya maigidanki ya kira Babanku, Allah Ya yi masa albarka, ya ce ba da saninki ba ne. Na manna kunnena mai kyau a wayar na ji komai. Ya ce an dakatar da tallafin, an rufe asusun, ɗalibai biyun da kika ɗauka aiki an ce su zauna a gida. Ya ce kwamitin jami'a zai zauna ranar Alhamis mai zuwa, bakwai ga wata, a yanke ko a mayar miki da aikin ko a karɓe shi gaba ɗaya, a kuma rubuta a fayil ɗinki cewa kin ƙirƙiri takarda. Ya ce wanda aka rubuta wa haka, ba mai sake ba shi tallafi ko'ina.

Sannan ya faɗi abin da ya sa na ɗauki biro. Wai kin rubuta musu cewa ke ce mai bincike, duk takardar da ta shiga fayil ke kika shigar, ba ki da wani bayani bayan wannan. Sun tambaye ki shaidar nan wace ce, kin ce wata maƙwabciya ce tsohuwa, a bar ta. Ya ce ya roƙe ki har ya gaji, kin ce ba za a kira uwarki gaban mutum bakwai a tambaye ta yatsanta ba.

Uwata, wa ya ce miki ina da wani mutunci da ya fi aikin nan? Ni na san abin da ke cikin littafi na biyu. Na san abin da ke bakin goman da suka rage. In aka karɓe, sai wani ya sake nema shekara biyar, ya zo ya tarar da ɗakuna an mayar da su shago.

Na je wurin Tela ranar Talata. Na same shi yana yanka yadi, na tsaya har ya ɗago. Na faɗa masa komai yadda na faɗa miki. Ya ajiye almakashi. Sannan ya ce, “Inna, da kin zo kin tambaye ni, ni da kaina zan sa hannu a madadinta, ai an ce ɗa yana iya yi. Amma ki sa mata yatsa tana kabari?” Ban san ana iya haka ba. Ban tambayi kowa ba, shi ya sa. Ya ce ya yafe min don zaman tare, amma littattafan a dawo masa da su, maganar uwarsa ce, kuma ba ya so a karanta wa baƙi inda ta ce ta yi jinkiri. Na roƙe shi, ya tayar da keke. Don haka ko me kwamiti ya yanke, na Goggo ya tafi. Wata uku na zauna a kan akwatin nan, kuma ni ce na ɓatar da shi da yatsa ɗaya.

Abin da ya rage shi ne naki, da na goman. Na rubuta takarda shafi biyu zuwa ga kwamitin. Na faɗi ranar da takardar yardar ta iso, Direba ya ce zai tsaya a kan haka, bakaniken ma yana da rasit. Na faɗi cewa kin hana ni farawa na fara, na kuma rubuto miki cewa Juma'a ce alhali Litinin ce. Wasiƙar tana wurinki, kada ki yaga ta. Na kai wa Malamar ajinmu ta duba min kurakurai. Ta karanta a tsaye, ta zauna, ta ce ba za ta taɓa ko wasali ɗaya ba, in kai ta haka. A ƙasa na rubuta sunana, na kuma dangwala yatsan a gefe don su gwada da wancan.

Ban san ko zai isa ba. Maigidanki ya ce wataƙila su ce duk da haka laifinki ne da ba ki duba ba, su rage miki wani abu. Amma ya ce rashin dubawa daban, ƙirƙira daban, na farkon ana tashi daga gare shi. Ina so in tsaya a gabansu in faɗa da bakina. In sun yi Turanci a fassara min. In sun yi dariyar rubutuna su yi. Ba zan ce kaina yana ciwo ba.

Na wanke zanena mai ruwan toka, na sa a jaka. Maƙwabciyarmu za ta duba Babanku kwana biyu. Direba yana tashi Laraba da sassafe, na ce ya ajiye min gaba saboda amai. Abin da nake so daga gare ki kaɗan ne. Ki gaya min wace ƙofa ce ta jami'ar, wane bene, ƙarfe nawa, kuma ko ana barin mutum ya shiga ba kati. Ban taɓa zuwa wurin aikinki ba, ina tsoron in ɓata a cikin gine-ginen nan har a tashi ban iso ba.

Ki amsa kafin ranar Talata, ko layi ɗaya ne, ko ta bakin maigidanki in ba kya son yi min magana. In kin ce kada in zo, zan zo. Na gwammace ki sani tun yanzu, daga hannuna.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare min ke.

Mahaifiyarki,
Inna